Na kalli faɗuwar Leicester a Aliero

Lissafina shi ne in bar Gusau da sassafe, in isa Birnin Kebbi kafin ƙarfe huɗu da rabi. Sunan ɗan yayata ne zai kai ni, amma gaskiya ba shi ne a raina ba. Ranar Lahadi ce, 28 ga Mayun 2023, ranar rufe gasar Firimiyar Ingila, kuma Leicester na bakin rami.

Ahmed Musa ne ya ja ni ƙungiyar nan. Da suka sayo shi daga CSKA Moscow a 2016, shekarar da suka ɗauki kofin da ba wanda ya yi musu zato, matasan unguwarmu da dama suka koma 'yan Leicester. Da ya tafi kowa ya koma gidansa na asali, ni kuwa na maƙale.

Bunguɗu, Maru, Talata Mafara, duk mun wuce su ba mai doguwar hira. Wanda ya san hanyar nan ya san dalili. Sai bayan Tureta bakin mutane ya buɗe. Muka sauya mota a Sakkwato, muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. Muna shiga Aliero, garin albasa da masu ɗori, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya buɗe gabanta ya daɗe yana kallo, irin kallon da ke gaya maka ba yanzu ba.

Na yi la'asar, na tambayi wani yaro mai rake inda ake kallon ƙwallo. Rumfar kwano ce, benci jere, janareta na kuka a baya, talabijin biyu a gaba: ɗaya Leicester da West Ham, ɗaya Everton da Bournemouth. Na biya na zauna kusa da wani dattijo mai warin albasa a rigarsa.

"Malam, wace kaka yi?" ya ce.

Na ce, "Leicester, Baba."

Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri." Ko take wasa ba a yi ba.

Lissafin ba wuya. Everton na da maki 33, mu da Leeds 31 kowa, Southampton tuni ta faɗi. Dole mu ci wasanmu, sannan mu roƙi Allah kada Everton ta ci nata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu muka kai kanmu nan. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin FA a 2021 ta saki Schmeichel da Fofana ba ta cike gurbinsu yadda ya kamata ba, aka bar Brendan Rodgers har Afrilu, sannan aka miƙa wa Dean Smith ragama saura wasa takwas. Everton kuwa tun Janairu ta sallami Lampard ta kawo Sean Dyche. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Minti na 34 Harvey Barnes ya zura. Na tashi tsaye ni kaɗai, har na take ƙafar dattijon. A wannan lokacin mun tsira, Everton ce ta nufi ajin 'yan dagaji, gasar da ke ƙasa da Firimiya, inda rabonta da shi tun 1954. Daga nan na daina kallon wasanmu kwata-kwata. Idona ya koma kan ɗaya talabijin ɗin, ina yi wa Bournemouth addu'a, ƙungiyar da ko 'yan wasanta uku ban iya lissafawa.

Minti na 57 ƙwallo ta faɗo gaban Doucouré na Everton a bakin da'ira, ya ɗaɗa ta. Rumfa ta kaure. Babu ɗan Everton ko ɗaya a wajen. Wasu saboda Iwobi, ɗan Najeriya da ke buga wa Everton a lokacin, suke ihu, wasu saboda mai cin sunansa Abdullahi, mafi yawa kuwa don sun samu wanda za su tsokana. Faes ya ƙara mana ta biyu, ko motsi ban yi ba. Muka tashi 2-1, su 1-0. Maki 34 da 36.

Dattijon bai yi min dariya ba. Ya aiki yaro ya kawo min ruwan leda mai sanyi, ya ce shi Pillars yake yi, bara ya ɗanɗana irin wannan.

Dab da magariba aka tada motar. Jega da Kalgo a duhu na wuce su, waya a kashe don na san abin da ke jirana a ciki. Yayata ta ga fuskata ta ce, "Lafiya, auta? Ko hanya ce?" Na ce hanya ce.

Washegari ana raɗin suna ana rantsar da sabuwar gwamnati, aka ce tallafin mai ya tafi. Kafin yamma layi ya kama a gidajen mai, kuɗin motar komawa Gusau da na ware ya kasa. Mijin yayata ne ya cika min, ɗan Arsenal, wanda shi ma a watan ne kofi ya suɓuce masa ya tafi Man City. Har ya raka ni tasha ba wanda ya ɗauko zancen ƙwallo.