Wasiƙa daga Yorkshire: Albasar da kuka gani ba tawa ba ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida. Ina gaida kowa, babba da yaro. Muna lafiya, iyali lafiya, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Tun ranar da na sa hoton nan da nake tsaye kusa da albasa mai girman kan yaro, wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce haɗin kwamfuta ne, wancan ya ce in aiko masa da iri, Kawuna kuwa murya ya turo yana tambaya ko aikin da na zo yi ne ya ƙare na koma noma. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi kuɗin goro. In mun gama da albasa zan taɓa zancen aiki da makarantar yara da wasunku ke tambaya.

Albasar gaskiya ce, amma ba ni na noma ta ba. A wajen bikin nunin furanni na kaka na gan ta, wanda ake yi a watan Satumba a harabar wani tsohon gidan masu sarauta da ake kira Newby Hall, kusa da garin Ripon. Masu shirya shi ƙungiya ce ta masu lambu na arewacin Ingila, an kafa ta a 1911, wato shekara uku kafin Turawa su haɗe Kudu da Arewa a Najeriya. Sau biyu suke biki a shekara, ɗaya a Afrilu a garin Harrogate, ɗaya wannan na kaka. A wannan bikin ne a 2023 wani mutum daga tsibirin Guernsey, Gareth Griffin, ya kawo albasa guda mai nauyin kilo 8.97, aka ce ba a taɓa auna kamarta ba a duniya. Kilo tara ba kaɗan, albasa ɗaya tal. Mutanen Aliero da na Galmi, kuna ji dai.

Amma kada hankalinku ya tashi. Na tambayi wani dattijo da ke gadin tasa albasar kamar mai gadin amarya, na ce Baba, ana cin wannan kuwa? Ya dube ni kamar na ce zan yanka masa ɗa. Ya ce ana iya ci, amma shi mayar da ita ƙasa zai yi ta ba shi iri. Tun cikin hunturu yake renonta a ɗakin gilashi, da fitila da na'urar ɗumama ɗaki. In aka lissafa kuɗin wutar da ta sha, buhu nawa za a saya a kasuwar 'Yankaba? Ban faɗa masa ba, a zuci na bar shi.

Ɓangaren furanni kuwa, a nan na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Akwai wani fure da suke kira daliya, asalinsa daga Meziko, wani faɗinsa ya kai faifai. An jera su a kwalabe, layi-layi, alƙalai na zagayawa da zoben awo. In furenka ya fi girman ajin da ka sa shi, an fitar da kai, komai kyansa. Na ga tsohuwa da sandar dogarawa tana gyara wa furenta ganye da ɗan tsinken auduga, hannunta na rawa. Mu da muka taso fure sai a gidan gwamnati ko wajen masu sayarwa a bakin titi, sai na tsaya ina kallon masu kallo.

To, yadda aka yi na shiga harkar nan, shi ne dogon labarin. A ƙasar nan akwai filayen lambu a tsakiyar gari, an yanka su ƙanana-ƙanana ana ba mazauna unguwa haya, suna ce musu alotmen. Cikakken kaso ɗaya kusan murabba'in mita 250 ne, ku ƙaddara filin gida ƙafa hamsin da hamsin da ɗan ɗoriya. Na zaci zuwa zan yi in ga mai unguwa a nuna min wuri. Ashe fom ne. Na cike, aka ba ni lamba, aka ce in jira. Na jira shekara uku da wata huɗu. Duk shekara sai wasiƙa ta zo tana tambaya ko har yanzu ina so, in ban amsa cikin kwanakin da aka ɗiba ba a share sunana in koma bayan layi. Ɗiyata da aka haifa bayan na cike fom ɗin, da ƙafarta ta taka ta shiga lambun ranar da aka ba ni makulli. Kuma rabin kaso aka ba ni, ba cikakke ba.

Sai takardar yarjejeniya. Wallahi ko da na kama hayar gidan da muke ciki ban sa hannu a wurare masu yawa haka ba. An faɗi iyakar tsawon rumfar da zan kafa ta ajiye fartanya. An faɗi watannin da aka yarda a ƙona yayi, da ƙarfe nawa. Ba a jan tiyo daga famfo zuwa fangali, sai dai a cika bokitin ban ruwa a ɗauka. Ba a noma don sayarwa, na ci ne kai da iyalinka. Kaji an yarda, zakara an hana, wai yana tashin maƙwabta. Na karanta wannan layin sau biyu. A raina na ce to kajin fa, zawarci za su yi ta yi?

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne a shekarata ta farko. Na zo gida duba Hajiya a watan Yuni, mako uku kacal. Yuni a nan rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, ga yayyafi, ciyawa kamar ana jan ta da igiya. Ina dawowa na tarar da wasiƙa daga kwamitin lambu: an zagaya duba, an ga kasona ya yi ciyawa, an ba ni kwana 28 in gyara ko a ba na bayana a layi. Har da hoto, kamar an kama ɓarawo. Babu wanda ya ce sannu da hanya, babu ya mai jiki. Na yi fushi na kwana biyu. Ranar ta uku na tuna ni ma shekara uku na yi ina leƙen lambunan mutane ta shinge, ina ƙirga waɗanda aka bari suka zama daji, ina cewa me ya hana a ƙwace. Na ɗauki fartanya.

Sanyi kuma nasa darasin dabam. Da na ga rana ta fito a Afrilu, sai jinin noman rani ya motsa, na dasa tumatir da attaruhu a fili. Maƙwabcina na lambu, wani tsohon direban bas, ya leƙo ya ce da zan ji shawara da na bari sai ƙarshen Mayu. Na yi murmushi kawai. Ni da na taso ina kai wa mahaifina abinci a fadama, Bature zai koya wa dashen tumatir? Dare ɗaya raɓa ta daskare, da safe na tarar da su baƙi ƙirin, sun kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Bai ce komai ba. Bayan mako biyu na ga tukwane shida na dashe a bakin rumfata.

Kuɓewa na gwada sau biyu, ta fito ta kai tsawon taƙi ta tsaya tana kallona. Yakuwa ma haka. Ga wani dodon-koɗi maras ɓawo da ke fitowa da dare, ya share maka fangalin latas kafin asuba. Abin da ya karɓe ni shi ne alayyafo, kuma irin daga hannun wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika na samu, su kalalu suke ce masa. Ranar da aka yi miyar taushe da alayyafon da kabewar lambuna, uwargida ta daina yi min dariya na tsawon yini guda.

Na ma shiga ƙaramar gasar da ƙungiyar lambunmu ke yi a zauren unguwa. Na zaɓi tumatir shida mafi kyau, na wanke su tas, na cire musu ɗan koren kan nan don su yi tsaf, na jera a faranti. Da aka buɗe ƙofa bayan alƙalanci na tarar da ɗan kati: ba a bi ƙa'ida ba. Ashe da hularsu ake nuna su. Yana rubuce a ɗan littafin gasar, shafin da ban karanta ba.

Asabar ɗin farko ta kowane wata akwai aikin gayya. Haka nake kiransa, don ba shi da maraba da namu sai rashin kiɗa da fura. Nan shayi ne da biskit. A gyara shinge, a juya tarin takin ganye, a share hanya, a nome wa wanda ke kwance a asibiti kasonsa. Akwai fangali biyu da aka ware wa 'yan firamare, akwai akwati a bakin ƙofa da ake zuba rarar amfani a kai wurin rabon abinci ga mabuƙata. A garin Todmorden ma, nan yankinmu, tun 2008 wasu mata suka fara shuka kayan miya a gefen titi da gaban ofishin 'yan sanda, kowa ya zo wucewa ya tsinka.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne filin kansa. Lambunmu yana tsakiyar gidaje, wurin da in an yanka an sayar kuɗi ne masu nauyi. Amma tun 1908 akwai dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da irin waɗannan filaye in mazauna wuri sun nema, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu da abinci ya yi wuya, su aka koma wa. Nakan tuna lambun da ke bayan makarantarmu ta firamare, da bakin kududdufin da ake shuka latas da karas. Zuwana na ƙarshe shaguna na gani. Ba na cewa a kwaso fom da wasiƙar kwana 28 a kai mana, Allah ya kiyaye. Amma ƙungiyoyin unguwa da ke tara kuɗin gyaran taransifoma da kwalbati, da za su riƙe ko da ɗan lungu ɗaya su rubuta a takarda cewa na shuka ne, a sa hannun mai unguwa da liman, da wuya wani ya wayi gari ya kafa harsashi a kai. Gasa kuwa, manoman Kadawa ba sa buƙatar komai sai sikeli da littafi da wanda kowa ya yarda da adalcinsa.

Masu neman iri, ku yi haƙuri. Ko na aiko, wannan albasar ta saba da doguwar ranar bazarar nan ce, ba lallai ta yi kai a wajenmu ba. Ku ma kada ku cusa min irin kuɓewa a jakar matafiyi, dokar shigo da tsiro a nan ba ta da wasa.

Zancen aiki, ana nan ana fama. Makarantar yara sai wani jiƙon. Yanzu tafarnuwa nake so in binne kafin ƙasa ta yi tauri, ga magariba ta fara saurin yi. A gaida Hajiya, a ce mata hular sanyin ta iso.

Naku,
ɗan'uwanku a Yorkshire