An Sallamo Mu: Godiya Ga Ɗalibai Da Malaman Makarantun Yankinmu

Alhamdulillahi, an sallamo mu daga asibiti, muna gida. 'Yata, wadda ciwon asma ya tasar wa a filin wasa, tana numfashi da kanta, tana barci lafiya, har ta fara tambayar inda aka ajiye mata littattafanta. Ni kuwa gajiya ta gama da ni, da ƙyar nake riƙe wayar nan, amma zuciyata ta ƙi yarda in kwanta ban yi godiya ba.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ranar gasar wasannin makarantun gwamnati na yankinmu ba. Da yawanku kuna filin, sauran kuma kun bi labarin a zauren iyaye na WhatsApp. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, shi nake so in faɗa.

Ta gama gudunta na miƙa sanda lafiya lau, har ta ɗaga min hannu. Sai bayan wasu mintuna na hango ta durƙushe, hannunta a ƙirji. Daga baya likita ya ce haka asmar da gudu ke tayarwa take yi, sau da yawa sai an tsaya da minti biyar zuwa goma take matse mutum. Abin shaƙar maganinta yana cikin jaka, jakar tana cikin bas, bas kuma yana can bayan fili. Kafin in ƙaraso mutane sun yi mata rumfa. Wannan ya ce a kwantar da ita, wancan ya ce a watsa mata ruwa, kowa da niyyarsa ta alheri. Sai ga wata yarinya siririya sanye da rigar wata makaranta, makarantar da suka gama karawa da ita yanzun nan, da ƙyallen ƙungiyar agajin gaggawa a damtsenta. Ta ratsa manya ta ce wa wani dattijo, "Baba, don Allah kar a kwantar da ita, mai asma a zaune ake barinsa." Ta zauna a ƙasa cikin ƙura, ta haɗa bayanta da na 'yata ta tokare ta. Sannan ta waiwayo ta ce min, "Mama, ki riƙe hannunta, ki daina kuka a gabanta."

Wani yaro daga makaranta ta uku ya zaro nasa abin shaƙar, shuɗin nan mai maganin salbutamol, ya miƙa ba tare da an tambaye shi ba. Amma ta kasa jan maganin, numfashin ya yi gajere. Malamin kimiyya ya zubar da ruwan gorar roba mai rabin lita, ya huda gindinta da almakashi, ya cusa bakin abin shaƙar a ramin, ya sa mata bakin gorar. Fesa ɗaya, ta ja numfashi sau huɗu ko biyar, a dakata kamar rabin minti, a sake. Yarinyar nan ce ke ƙirgawa da ƙarfi, muryarta na rawa amma ba ta ɓata lissafi ba, har goma. Da na ba likita labarin gorar, ya ce ba dabarar banza ba ce: tun 1999 likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu suka gwada irin wannan gora, suka ga tana kai magani huhu kusan yadda na'urar da aka ƙera don haka take yi.

Can sai ƙarar ƙirjinta ta ɗauke. Da na ji shiru na ɗauka sauƙi ne ya zo. Amma na ga yarinyar ta dubi malamarta, malamar ta dubi leɓen 'yata da ya koma launin toka, ta ƙwala kira a kawo mota. Ashe in shassheƙar mai asma ta ɗauke alhali yana fama, iskar ce ta daina shiga. Har yanzu in na tuna wannan kallon da suka yi wa juna sai gabana ya faɗi.

Na san ba sa son a ambace su, shugabar makarantarsu ma ta roƙe ni in bari. Ku yi haƙuri, ba zan iya ba. 'Yata mai ƙyallen agaji, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifanki da ke, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya ba ki masu tokare ki ranar da kika rasa madogara. Yaron da ya ba da maganinsa alhali shi ma zai iya buƙatarsa a ƙurar nan, Allah ya raba ka da wannan ciwo. Malamin kimiyya, malamar agaji, malamin wasannin da ya tuƙa mu da motarsa, nas ɗin dare da ta riƙa leƙo mu tana duba oksijin, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya tsare muku 'ya'yanku, ya sa ku ga sakayya tun a nan duniya.

Sai 'yan ƙungiyar jarida ta ɗalibai. Kun san kafin mu isa asibiti har an fara yaɗa cewa ta rasu, wasu har sun turo ta'aziyya. Yaran nan ne suka je wurin shugabar makaranta suka ji gaskiya, suka rubuta sanarwa gajeriya, suka riƙa sabunta ta safe da yamma da izininmu, har jita-jitar ta mutu. 'Yan ajin 'yata kuma suka raba darussa a tsakaninsu suna kwafa mata.

Iyayen da ban taɓa gani ba sun cika barandar asibiti. Akwai na jini da na yi ta duban ƙofa ko za su shigo, wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah ya bar zumunci.

Na ji wasu na cewa a soke gasar gaba ɗaya. Ni da abin ya faru a kaina ban goyi bayan haka ba. Da ba don makarantun nan suna haɗuwa ba, da 'yan agajin makaranta ɗaya ba su kasance kusa da 'yar wata makarantar ba. Asma kuma ba baƙon ciwo ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da ita a 2019, kuma ita ce kan gaba a cututtukan da ke daɗewa a jikin yara. Likita ya ce za ta koma gudu in ta riƙe maganinta, har ya ba ta labarin Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta kafa tarihin duniya a gudun yada ƙanin wani a 2003 da asmarta. Roƙona ga jami'an ilimi shi ne kowace makaranta ta samu ƙungiyar agaji irin wannan, kuma ranar wasa abin shaƙar yaro ya kasance a hannun malaminsa a bakin fili.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in na samu barci. Masu son zuwa duba ta kuma, likita ya ce a ɗan rage taro da turare a ɗakinta zuwa mako mai zuwa.