Godiya ga mutanen gidan abincin 'yan Caina na unguwarmu

Assalamu alaikum jama'a. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan saƙon, na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar, duk sanda na fara sai idona ya ciko, to yau dai na daure.

Waɗanda suka san mu sun san halin da Umma ta shiga, wata uku kenan da hawan jini ya kayar da ita ya taɓa mata ɓarin dama, sati biyar muka yi a asibiti kafin a sallame mu. Jiki Alhamdulillahi yana dawowa a hankali, amma abinci ne ya zame mana tashin hankali. Likita ya ce a rage gishiri sosai, ita kuma ta ce komai salam take jinsa a baki, loma uku huɗu ta ture faranti. Ga hannun dama yana rawa, ba ta son jikoki su ga abinci na zuba mata a jiki, har ta kai ta daina ci a gabanmu sai dai a kai mata ɗaki ta ce a ja mata ƙofa. Duk wanda ya san Umma da son taro ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Ranar Asabar ta cika shekara 70. Autarmu ce ta kawo shawarar a fitar da ita ta sha iska, mu je gidan abincin 'yan Cainan nan da kullum muke wucewa ta gabansa ba mu taɓa leƙawa ba. Ni na fi kowa ƙin yarda gaskiya, kuma ina da dalilina, girkinsu ba ya rabuwa da soya sos, ruwan ɗanɗanon nan na waken soya, babban cokali ɗaya nasa yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya tsaya ƙasa da miligiram 2,000 a wuni guda, to ina ga mai hawan jini. Sannan ga maganar naman alade, ga giyar shinkafar nan ta Shaoxing da kukunsu da yawa ke ɗigawa a nama lokacin suya. Yaya ya ce to maimakon mu zauna muna ta zato, mu je mu tambaya mana.

Ranar Alhamis muka je ni da shi, kuma daga nan godiyata ta fara. Matar da ke da wurin ba ta nuna mana gajiya ba ko kaɗan, ta jawo kujera ta zauna da biro da takarda tana rubuta duk abin da muka faɗa da rubutunsu, sai ta leƙa kicin ta kira kukun. Bawan Allah ya fito da farar hula yana goge hannu, buɗe bakin da zai yi sai ya ce mana assalamu alaikum. Wallahi sai da muka kalli juna ni da Yaya. Ashe mutumin Lanzhou ne a lardin Gansu, ɗan ƙabilar Hui, Musulmin Caina da yawansu ya haura miliyan 10, ya nuna mana wasu haruffa biyu a jikin bango ya ce ana karanta su qingzhen, alamar halal kenan a can, babu alade babu giya a kicin ɗinsa. Maganar gishiri kuma ya ce mu bar masa.

Da muka iso daren Asabar mun tarar an ware mana babban tebur zagayayye mai gilashin nan a tsakiya da ake juyawa abinci ya zo gaban kowa. An riga an cire kujera ɗaya an bar gurbin keken Umma, kuma gurbin yana kallon ƙofar shigowa, daga baya Madam mai wurin ta ce mana a wurinsu nan ne mazaunin wanda ya fi kowa girma a taro. Ta durƙusa dab da keken ta riƙe mata hannu tana ce mata ayi, ta ce haka suke kiran sa'ar mahaifiya, kamar dai ka ce goggo ko inna. Shayin jasmin ma kofin Umma aka fara cikawa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai yarinyar da ta yi mana hidima ce ta yi shi. Ta zo da 'yan sandunan cin abincinsu, idonta ya kai kan hannun Umma yana rawa a kan cinya, ba ta ce uffan ba ta juya ta koma ciki, sai ga ta da cokulan tangaran ɗin nan masu zurfi da faɗin gindi ta bi kowa ta ajiye masa, kowa fa, mu goma sha ɗaya, ba Umma kaɗai ba. Sannan ta ɗauki ƙaramin kwano ta nuna wa yara cewa su a wurinsu ɗaga kwano ake yi a kawo shi kusa da baki, ba abin kunya ba ne, kowa ya gwada. Yara suka ɗaga suna dariya, mu ma muka ɗaga. Ina satar kallon Umma na ga ta tallafo kwanon da hagu ta kawo shi daf da haɓa, dama na riƙe da cokali, tazarar da ke tsakani ba ta fi yatsa uku ba, ko ɗigo bai zuba ba. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara wa ɗana riga don kar ta ga fuskata.

Kukun kuwa ya cika alkawari. Ya fara aiko mata da shinkafar da aka dafa ta narke lugub a romon kaza da ɗanyar citta, wadda suke ba marasa lafiya da tsofaffi. Sai kifi guda sukutum da aka turara, an yanyanka citta da ganyen albasa siri siri a kansa, ya zo da kansa ya kwarara tafasasshen mai a gabanmu ya yi cuuu ƙamshi ya cika wurin. Gishirin da ya rage sai ya cike gurbinsa da tafarnuwa da citta da man riɗi da ɗan tsamin binega, na ɗanɗana na kasa yarda cewa abincin mai hawan jini ne. Mu kuma aka kawo mana namu daban, kaza mai gyaɗa da busasshen barkono da ake kira kung pao, da awara a jar miya mai yajin Sichuan ɗin nan da ke sa leɓe ya yi zir zir kamar an ɗaure shi, Kawu ya sha shayi kofi huɗu a kanta amma bai ajiye cokali ba.

Can wajen ƙarshe sai ga kukun da curin kwaɓin fulawa, ya tsaya gaban Umma ya fara ja yana ninkewa, ya ja ya buga a tebur ya ninke, kowane ninki silin taliyar ya ruɓanya, ɗana yana ƙirgawa da ƙarfi har bakwai ya ce 128 kenan. Madam ta ce wannan taliyar tsawon rai ce, ranar zagayowar haihuwa ake ci kuma ba a yanka ta, a bar ta da tsawonta. Umma ta ce rai dai na hannun Allah, kukun ya ɗaga yatsa sama ya ce insha Allah, sai Umma ta fashe da dariya, dariyar da rabonmu da jin ta tun kafin asibiti. Ta cinye kwanon tas ta ce a ƙara mata romo.

Da aka kawo bil babu kuɗin taliyar a ciki, Yaya ya yi ta fama a saka Madam ta ƙi, ta ce kyautar ayi ce.

Don haka Madam mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Malam kuku Allah Ya saka da alheri Ya jiƙan magabata. Ƙanwata mai cokula, ban ma tambayi sunanki ba saboda ruɗewa, Allah Ya ba ki masu yi miki yadda kika yi wa mahaifiyarmu. Mai gadi da ya kama mana keken a matakala shiga da fita, da mata da mijin da ke teburin gefe da suka matsa mana ba tare da an roƙe su ba, mun gode ƙwarai. Auta ki yafe min gardamar da na yi miki, ke ce da gaskiya. Yaya da Anti da Kawu Allah Ya bar zumunci, da duk ku da kuka yi ta kira da addu'a wata ukun nan.

Jiya da safe Umma ta ce a fito mata da karin kumallonta falo cikin jikoki, ta aiki auta ta nemo mata irin cokalin nan guda shida, kuma ta sa ɗana ya koya mata yadda ake cewa na gode da yarensu, tun jiya take ta maimaita shiye shiye wai ranar da za mu koma da bakinta za ta faɗa musu.