Furannin da suka buɗe bayan biki ya watse

Ranar 9 ga Janairu na tsaya a tsakiyar gonata, gefen wani tsohon kududdufin haƙar kuza kusa da Bukuru a yankin Jos, ina kallon wardi ja da fari sun buɗe gaba ɗaya, gwanin sha'awa. Babu mai saye ko ɗaya. Kirsimeti ta wuce, Sabuwar Shekara ta wuce, amaren Disamba duk sun tare a ɗakunansu. Ni kuwa ga bashin taki, ga na man injin ban ruwa. Shekarata ta farko ke nan a sana'ar, shi ya sa duk ƙanin da ya tare ni da "Yaya, an ce akwai kuɗi a fulawa lokacin hunturu," sai in ce ya samu wuri ya zauna tukuna.

Akwai kuɗin, ban musa ba. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinta yana karɓar furannin da zafin Abuja ko Kano ke wahalarwa. Disamba kuwa kowa na hutu, coci-coci na ado, otal-otal na ado, aure kuma Musulmi da Kirista kowa a watan yake son ɗaurawa. Sai dai kasuwar gajeriya ce, mako biyu zuwa uku, kuma fure ba doya ba ne da za ka jibge a ɗaki ka jira farashi.

Abin da ya kayar da ni lissafi ne. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce mini wardi, wanda 'yan kasuwa ke kira ros, idan ka yi masa aski, wato ka datse rassansa, yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya sake fure. Kunnena ya riƙe shida, ya yar da takwas. Na ɗauki almakashi ranar 10 ga Nuwamba na aske gonar kaf a yini guda, ina murna za su buɗe dab da Kirsimeti. Na manta wannan sanyin da nake taƙama da shi, shi ne ke rage wa tsiro sauri. Hunturu ya kankama, huda ta fito ta tsaya cak kamar tana gaba da ni. Kullum da asuba sai in je in taɓa ta, ƙulle take gam. Sai da aka yi kwana sittin cif. Yanzu kashi uku nake raba gonar, in fara aski tsakiyar Oktoba, mako guda tsakanin kowane kashi. Ko sanyi ya yi tsanani ko ya yi sauƙi, wani kashin zai dace da kasuwa. Giladiyolas kuwa, mai doguwar sanda da masu ƙawata wurin biki ke so, yakan ci kwana saba'in zuwa ɗari daga binne albasarsa, don haka tun Satumba ake sa shi, ruwan sama bai ma ɗauke ba.

Shekara ta biyu na ce na yi wayo. Na cika leda da fonsetiya, jan furen nan da ake jerawa a ƙofar coci da falon otal. Sun tashi kore shar, har maƙwabta na tambaya wane taki nake sa musu. Ana cikin haka aka sace mini tiyo da daddare, sai na sayo fitilar sola mai haske sosai na kafa a kan sanda, daidai kan rumfar da suke. Ɓarayi ba su dawo ba. Amma Disamba ta shigo, fonsetiyar da ke bayan wani gida a unguwarmu, wadda babu mai ko ba ta ruwa, ta yi ja wur, nawa kuwa suna nan kore kamar alayyafo. Na ƙara taki, na canja ruwa, har maganin ƙwari na fesa a banza.

Wata baiwar Allah da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi ce ta zo duba su. Ba ta ma kalli ledojin ba, sama ta ɗaga kai ta ce, "Malam, wannan fitilar kwana take yi a kunne?" Ashe shukar nan, wadda asalinta daga Meziko take, jan da muke gani a jikinta ganye ne ya rine, furen ainihin ɗan ƙaramin rawaya ne a tsakiya. Kuma ganyen ba ya rinewa sai ta samu dogon dare mai duhu, sa'a goma sha biyu ko fiye ba yankewa, makonni a jere. Haske kaɗan a tsakiyar dare ya isa ya ruɗa ta. Wato da kuɗina na sayo abin da ya hana ni ciniki. Har yau idan na tuna yadda na riƙa zargin mai sayar da taki a zuciyata, kunya nake ji.

Sai maganar mota. Wata hajiya mai ƙawata wuraren biki a Abuja ta yi odar wardi da giladiyolas. Na yanke da rana tsaka saboda sauri, na ɗaure na kai tasha, direba ya kwantar da kwalayen a but tare da kwandunan tumatir. Daga Hawan Kibo zafi ke fara karɓar kaya, kafin Akwanga an shiga wata duniya. Da suka isa, wardi sun sunkuyar da kai, giladiyolas kuwa duk sun lanƙwashe, domin idan aka kwantar da shi kansa sai ya karkata yana neman sama, kuma ba ya miƙewa. Tumatir da ayaba masu nuna suna fitar da wata iska da ke tsofar da fure da wuri, wannan ma daga baya na sani. Hajiya ta turo hoto ta ce ba za ta karɓa ba. Ban ga laifinta sosai ba, amma ko sisin kafin alƙalami ban karɓa ba, ina jin nauyin in tambaya. Asarar ta zauna a kaina ni kaɗai.

To ƙannena, ku yanka da sassafe kafin rana ta fito, bokitin ruwa mai tsabta na gefenku, kara na barin uwa yana shiga ruwa. Ku zage ganyen ƙasa kada ya ruɓe a ciki. Giladiyolas a tsaye yake tafiya, ko da za ku biya kuɗin kujera guda saboda shi. Rabin kuɗi kuma ya shigo kafin almakashi ya taɓa kara. Mai niyyar saye ba ya fushi da wannan. Ku kuma kafa zana ta ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, don tana busar da bakin fure ta bar masa ƙura, kuma farin wardi ba ya ɓoye datti. Man fetur ma ku sa shi a lissafi tun farko, domin tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ban ruwa ya zama babban abin da ke cin riba.

Akwai kuma abin da na yi shekara biyu ina zubarwa ban sani ba. Da an gama hidimar Kirsimeti sai in saki gonar in ce in huta, in rage ruwa, in tafi gaishe-gaishe. Alhali wardin da ka yanka ranar 20 ga Disamba, yankan nan shi ma aski ne. Ƙirga mako takwas daga ranar, za ka sauka daidai kan 14 ga Fabrairu, ranar masoya, ranar da samarin Abuja ke neman jan wardi ido rufe. Bana na rubuta ranar da gawayi a jikin bangon rumfa, na kuma ware buhun taki guda na ce ko yarana kada su taɓa shi sai an shiga Janairu.