Ranar da Na Durƙusa a Ɗakin Bincike

Wata bakwai ke nan da na baro ƙauyenmu da ke kusa da Ringim zuwa Jamus, amma har yau idan na tuna wata ranar Talata sai kunya ta lulluɓe ni.

Aikinmu shi ne sauraron ƙwayoyin zarra da ke cikin daskararren furotin, irin wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa, bayan mun saka shi cikin ƙaton maganaɗisu. Muryarsu, wato ɗan siginar da suke fitarwa a cikin maganaɗisun, ba ta da ƙarfi ko kaɗan, har mutum kan shafe makonni yana tara ta. Dabarar ɗaga muryar da masanin kimiyya Albert Overhauser ya hango a 1953, wadda Robert Griffin da abokan aikinsa a Amurka suka kai ta ga manyan maganaɗisu a shekarun 1990, ita ce a aro ƙarfi daga ilektaron, ɗan ƙanƙanin ɓangaren zarra mai ɗauke da cajin lantarki, wanda maganaɗisunsa ya ninka na ƙwayar haidurojin kusan sau 660. Ana gauraya samfurin da gilisarol (wani sinadari mai kauri kamar zuma) da ruwa da wani sinadari mai ɗauke da ilektaron marar abokin zama, a sanyaya shi zuwa wajen digiri 170 ƙasa da sifili, sannan a haska masa igiyar maikurowef. Idan muryar ta ninka sau 100, lokacin aiki yakan ragu sau 10,000.

Duk wannan yana faruwa ne cikin wani ɗan bututu mai kaurin milimita 3.2, wanda ake karkatawa digiri 54.7 yana juyawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Ni ne na cika shi a ranar, kuma ban danne murfinsa yadda ya kamata ba. Ƙara ɗaya muka ji, bututun ya tarwatse, furotin da wata abokiyar aiki ta yi wata uku tana haɗawa ya salwanta.

Shugabarmu ta duba, ta ce irin haka yakan faru, ta koma ofishinta. Wannan shirun ya fi mini duka zafi, domin da Baba ne, da ya wanke ni tas a gaban kowa, zuwa la'asar magana ta wuce. Kwana na yi ban runtsa ba. Da safe na shiga ofishinta na durƙusa don in ba ta haƙuri, sai baiwar Allah ta zabura ta ɗebo mini ruwa, a zatonta jiri ne ya kwashe ni.

Da na kira gida ranar Juma'a ban ambaci wannan ba. Na dai yi wa Baba bayanin aikin, na ce kamar filin Idi ne: liman ya yi kabbara a hankali, ladan ya ɗaga ta har sahun baya su ji. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai, limamin ne ko ladanin?" Na jiyo ƙannena suna dariya a zaure.

Inna ta karɓi wayar ta tambaya ko injin namu zai duba mata gwiwarta, tunda duk ƙauye an san ɗanta likita ne a Turai. Na ce, "Inna, Allah ya ba ki lafiya, ba irin wannan ba ne." Ta ce to, geron gonar gabas ya fara fitar da kai, kuma kada in manta da kuɗin makarantar Auta.