Kafin Ku Zargi Wuta, Ku Duba Hasken da Ke Komowa Cikin Leza

Ƙannena masu fara aiki da lezar dayod (ƙaramar na'urar lantarki mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya), idan haskenta ya soma rawa, kada ku yi kuskuren da na daɗe ina yi: a canza na'urar ba da wuta, a taɓa ma'aunin zafi, daga ƙarshe a ce dayod ɗin ya lalace. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Haskensa ne ya bugi wani abu ya komo masa.

Tsawon cikin dayod yawanci bai kai rabin milimita ba, kuma fuskarsa, in ba a shafa mata komai ba, kusan kashi 30 cikin 100 kawai take tsarewa. Ƙofar da haske ya fita, ta nan yake shiga. Da ya shigo sai ya taɓa yawan elektron, wannan ya sauya tsawon zangon hasken, sabon hasken ya fita ya sake dawowa a sauye. Lang da Kobayashi ne suka tsara lissafin wannan a 1980, Tkach da Chraplyvy kuma suka kasa shi mataki biyar a 1986. Na huɗun shi ne masifa: kashi ɗaya cikin dubu goma na hasken, in ya komo, kan isa ya watsa layin leza, wato faɗin mitar haskenta, daga 'yan megahaz zuwa gigahaz masu yawa. To, gilashi tsirara kashi 4 cikin 100 yake mayarwa daga kowace fuska.

Gwajin ba wuya. Ku tare hasken da baƙin kati a karkace, ku auna mafi ƙarancin wutar da leza ke kamawa a kai, kuna karantawa daga fotodayod ɗin cikinta, wato na'urar da ke auna haskenta. Ku cire katin, ku sake. In adadin ya sauka, haske na dawowa. Tazarar ƙololuwan hayaniya, wato rawar ƙarfin hasken da ake gani a na'urar auna mita, ma tana nuna inda mai laifin yake: megahaz 500 na nufin santimita 30 a iska, megahaz 150 kuwa mita ɗaya.

Ku ɗan karkata kowane gilashi da fotodayod. Aisoleta, na'urar da ke barin haske ya wuce gaba amma ta hana shi komowa, ta zauna dab da ruwan tabarau na farko, don duk abin da ke tsakaninta da leza ba ta kare leza daga gare shi. Mai hawa ɗaya tana rage hasken da ke komowa da desibel 30 zuwa 40, wato ninki dubu zuwa dubu goma. Aiki mai tsanani yana son hawa biyu.

Masu haɗa faiba (zaren gilashi mai ɗaukar haske), koren kan mahaɗi an goge shi a kusurwar digiri 8, shuɗi kuwa a miƙe. Kada ku taɓa haɗa su. Iska na maƙalewa a tsakani, bakin ma yana iya karcewa. Lokacin hunturu kuma ku goge kowane kai kafin ku soka shi, ko yanzu kuka cire masa murfi.