Ranar da na tsaya gaban mata na faɗi ciwona

Jiya a islamiyyar unguwarmu nan Mabera na tsaya gaban mata na ba da labarin ciwon damuwa da ya kama ni bayan haihuwata ta biyu. Wallahi hannuna rawa yake, makirufon ma sai da na riƙe shi da hannu biyu.

Na gaya masu yadda na yi wata huɗu ba barcin kirki, jariri na kuka ni ma ina kuka, abinci ba ya shiga, a gida anka ce iska ce ko sammu anka yi ta hayaƙi, ni ban raina addu'a ba har gobe ina yinta, amma sai da yayata ta kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Kware likita ya ɗora ni kan magani, ya ce in yi haƙuri don yakan ɗau makonni kafin a ji aikinshi. Haka kuwa anka yi.

Kun san halinmu nan Sakkwato, da an ambaci Kware sai dariya, abin na ƙona min rai. Shi ya sa na faɗi sunan da ƙarfi, har na gaya masu a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958.

Da munka tashi wata dattijuwa ta kama hannuna, murya ƙasa ƙasa ta ce "ɗiyata, surukata haka take tun suna, ko magana ba ta yi." Na ce Inna ranar Litinin in sha Allahu ni zan raka ku.